Hannu a Kan Totur

Alkawari dai Badaru ya yi shi, kuma da bakinsa, ba wanda ya shaƙe masa wuya. Ya ce wa matarsa Indo da an ga watan ƙaramar salla za su tattara nasu ya nasu su koma gida. Salla ta zo ta wuce. Ya ce to a bari alhazai su watse tukuna, gari ya yi sauƙi. Alhazai suka zo suka watse, Jidda ta koma yadda take, Badaru yana nan jiya i yau, kansa a cikin inji.

Umara ce ta kawo su tun gemun Badaru yana baƙi wuluk. Suka yi umarar suka maƙale, kamar dubban 'yan'uwansu, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya musu, suka kama ɗaki a unguwar Hindawiyya. Sun bar 'yarsu Jamilatu a Malumfashi wajen kakarta, an yaye ta ke nan, da niyyar su ɗan yi shekara biyu su koma da abin hannu. Yau Jamilatu tana da nata 'ya'yan, babbar har ta shiga makaranta, uwar da ta haife ta ba ta san fuskarta ba sai a hoto. Allah bai ƙara ba su haihuwa ba a nan. Indo ta ƙarar da ƙuruciyarta a bakin titin Bab Makka, nan cikin Jidda, tana kasa kuka da daddawa da tsamiya a kan leda, ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan motar 'yan baladiyya masu korar 'yan talla. Yanzu idon ma ya gaji. Yanar ido ta rufe na hagu ɗungum, ta fara cin na dama daga gefe.

"Baban Jamilatu," in ji ta, "ni fa ba Malumfashi nake marmari ba. Yarinyar nan nake so in gani tun idon yana gani. In ya rufe, ko ka kai ni, me ka kai?"

Hanyar komawa kowa ya san ta. Marar takarda ba ya zuwa filin jirgi da ƙafarsa. Sai dai ya ɗauki jakarsa ya tafi ƙarƙashin gadar Kandara ya zauna cikin masu jira, har ranar da motar jawazat, wato jami'an shige da fice, za ta zo ta kwashe su zuwa tarhil, gidan da ake ajiye mutum kafin a sa shi a jirgin ƙasarsu. Ka ga ikon Allah, mutumin da ya tsufa yana gudun motar nan, shi ne zai shimfiɗa kwali yana roƙon ta zo. Kuma ba ta da rana. Wani ya yi mako, wani ya share wata. Abin da Indo ta nace a kai shi ne su zauna tare a kwashe su tare, domin in an rubuta miji da mata lokaci guda akan haɗa su jirgi ɗaya. Ita da ba ta gane fuskar mutum sai ya zo mata daf, ina za ta iya da filin jirgin Kano da tashar mota ita kaɗai?

To, me ya riƙe Badaru? Wata tsohuwar mota ce Doj, mai ƙofa biyu da dogon hanci, ƙirar alif ɗari tara da saba'in. Tana warshar da yake aiki, garejin Abdulghani, can gefen unguwar masana'antu. Marigayi Alhaji Bawa, mahaifin Abdulghani, Bahaushen Sudan ne da ya shigo da takardunsa cif. Shi ya buɗe warshar, shi ya ɗauki Badaru aiki bai tambaye shi iƙama ba, shi kuma ya sayi motar zamanin da arzikin fetur ke ambaliya a Jidda. Da ya rasu aka lulluɓe ta da tamfol, kyanwoyi suka yi ta haihuwa a kujerar baya. Sai bara Abdulghani, wanda Badaru ya sani tun yana yawo da majina, ya ga abokansa sun tsiri tono tsofaffin motocin Amurka suna baje kolinsu a bakin teku, inda ake kira Kornish, ran Alhamis da yamma. Shi ma ya yaye tamfol.

Haifaffen Jidda ne, Hausarsa takan yi 'yar tafiya ta faɗa Larabci.

"Ya mu'allim," ya ce, "ba gyara nake so ba. Makina nake so, wadda in ta yi kuka a Kornish kowa zai rufe baki. Kai kaɗai za ka iya. Kuma wallahil azim, in ta tashi kai za ka fara tuƙa ta. Juma'a da safe, hanyar Usfan, ba mai tsayar da kai, ina gefenka."

A nan ya kama shi. Abin da mutane ba su sani ba, ko suka sani ba su damu ba, shi ne Badaru bai taɓa tuƙa mota a titin Jidda ba. Marar iƙama ba shi da lasin, kuma tsayawa ɗaya a shingen bincike ta isa ta gama da shi. Duk injin da ya haɗa, iyakarsa da shi harabar warsha, giya ɗaya zuwa bakin ƙofa, ribas ya dawo. Daga nan mai mota ya karɓi makulli ya fice, Badaru ya tsaya da tsumma a hannu yana bin ƙarar da kunne har ta ɓace. Shekara da shekaru yana dafawa wasu na ci. Abin yana cinsa ƙwarai, amma ko Indo bai taɓa faɗa wa ba, don bai san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Ya sauke injin, mai silinda takwas, ya warware shi ɗaiɗai har ba sauran noti a jikin ɗan'uwansa. Ya kai gangar injin wajen masu gogewa aka faɗaɗa ramukan silinda, ya tsaya a kansu yana mita, har ɗan Pakistan da ke riƙe da na'urar ya ce ya zo ya karɓa ya yi da kansa. Aka yi odar manyan fistan daga Amurka, suka yi wata da watanni a hanya. Da suka iso ya aro sikelin wani mai sayar da turare, ya ɗora kowanne, ya rage wa masu nauyi har suka zo ɗaya. Hanyoyin da iska da mai ke bi a cikin kan inji, ya zauna da magagari da samfefa ya sassaƙe su, ya goge har yatsa na zamewa. Bawul kuwa, sanda ya sa tsakanin tafukansa yana murzawa kamar mai burga miya, sai da kowanne ya zauna daram a gurbinsa, ba ta inda iska za ta sulale. Ya jefar da tsohuwar kafireta ya ɗora mai baki huɗu. Bututun hayaƙi takwas da hannunsa ya lanƙwasa su. Ya nemo lagireton babbar mota ya yanka ya daidaita, ya ce wanda ya ƙera motar nan bai taɓa shan zafin Jidda ba, inda ko bango gumi yake yi.

Kullum zai dawo da baƙin mai a ƙarƙashin farce, Indo ta ajiye masa tuwo ta tambaya, "Ya tashi?"

"Saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan naka ya fi tafiyar ƙafa zuwa Madina tsawo."

Sai ya yi dariya ya kai loma. Ita kuwa ba wasa take ba, amma namiji in ya ga dama sai ya mai da kukan matarsa barkwanci don ya ci tuwonsa lafiya.

Ranar da abin ya kai ta bango, 'yan baladiyya ne suka ɓullo a Bab Makka. Kowa ya naɗe ledarsa ya ranta a na kare. Indo ma ta naɗe, ta yi taku uku, ba ta ga dakalin gefen titi ba, ta kifa. Daddawa ta watse a kwalta, mutane suka bi ta kai. Ta dawo gida tana ɗingishi, gwiwa a salɓe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Washegari ta fara rabon kaya. Katifa ta tafi gidan wannan, risho da tukwane gidan wancan, fanka ta bar wa mai ɗakin kusa. Badaru ya dawo ya tarar da ɗaki fayau, sai tabarma da jaka biyu a ɗaure.

"Talata zan tafi gada," ta ce. "Halas. In ka zo, mu tafi. In ba ka zo ba, kai da Allah."

Ya buɗe baki zai ce saura ƙiris, ya dubi gwiwarta, ya haɗiye.

Abin takaicin, a makon ne kaya na ƙarshe suka iso. Kamshaf ne, sandar ƙarfen nan mai ƙullutai da ke buɗe bawul tana rufewa, kuma wannan ƙullutanta sun fi na asali tudu, su ne za su sa injin ya shaƙi iska ya yi gurnanin da Abdulghani ke nema. Badaru ya shafe ta da giris ya zura, ya rufe inji, aka mayar da shi cikin mota ran Litinin. Ba abin da ya rage sai tayarwa.

Talata da safe ya kai ta gadar, ya riƙe mata hannu suka tsallaka titi. Ƙarƙashin gada cike yake da mutane, kowace ƙabila da ɓangarenta, ga shanya a jikin ginshiƙai, ga yara na kuka, motoci kuwa na ta rugugi a saman kai ba hutu. A ɓangaren Hausawa suka sami Dela, aminiyar Indo tun zuwansu, wadda ke kawo shinkafa da wake tana sayar wa masu jira. Ita ba tafiya za ta yi ba, ta ce ba ta bar kowa a gida ba da za ta koma wa. Ta matsa musu wuri kusa da tukunyarta. Badaru ya shimfiɗa kwali biyu, ya zaunar da Indo, ya ajiye jakarsa a kan ɗayan, amma shi bai zauna ba.

"Zan je in tayar da shi kawai, in damƙa wa yaron nan, in dawo. Kafin la'asar ina nan."

"Baban Jamilatu, zauna."

"Haba Indo. Dela, yaushe rabon motar nan da zuwa?"

"An kwana biyu," in ji Dela, "shi ya sa ma nake ganin ta kusa."

"Kin ji ko, an kwana biyu." Rabin maganar ya ɗauka, ya bar mata sauran.

Indo ta ɗaga kai ta nemi fuskarsa da idon da ya rage. "In ta zo zan kira ka. An ce ba sa tashi nan take, sai sun jera mutane sun rubuta. In ka taso da bugun farko za ka same mu."

Ya dafa aljihun gaban rigarsa. "Ga wayar nan a kan ƙirjina."

A cikin tasi yana roƙon Allah kada motar jawazat ta zo sai bayan Juma'a. Ya ji kunyar wannan addu'a, amma ya yi ta, har ya maimaita.

Aiki kuwa bai tafi yadda ya tsara ba. Ya zuba ruwa a lagireto, wata roba ta fara ɗiga, sai da aka nemo wata. Ana gama ɗaurawa aka kira azahar, aka ja ƙofofi kamar yadda aka saba, kowa ya nufi masallaci. Sai bayan salla, rana ta take tsaka, ya tsaya a gefen injin, Abdulghani ya shiga ya riƙe makulli.

"Saurara," in ji Badaru. "Sabon kamshaf ba a barinsa ya yi silo. Da ya tashi zan ja totur in riƙe, kusan rabin awa, mai ya yi ta watsuwa a kansa har ƙarfe ya saba da ƙarfe. In ya faɗi ƙasa ƙullutan za su cinye, garin ƙarfe ya bi jinin inji, aikin shekara ya tafi a banza. Kai dai ka sa ido a kan allurar zafi da ta mai. Kada ka taɓa komai."

"Ala rasi, ya mu'allim. Yalla!"

Bismilla. Abdulghani ya murɗa. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da wuta ta kafireta, Badaru ya ɗan juya taimin, ya ce a sake.

Ya tashi.

Kai, jama'a! Ba a ɗaura salansa ba tukuna, bututu takwas ne tsirara suke amai. Kwanon rufin warsha ya ɗauki rawa, sifanu suka fara tafiya da kansu a kan benci, tantabaru suka watse daga kan katanga. Ma'aikatan warshoshin maƙwabta suka fito da gudu suka cika ƙofa, wasu sun toshe kunne, wasu suna tafi. Badaru bai ga kowa ba. Yatsunsa biyu na kan totur a jikin kafireta, yana ɗan ja yana ɗan saki, kunnensa na tsince sautin silinda ɗaya bayan ɗaya, dukansu takwas suna amsawa, ba mai ƙarya a ciki. Hawaye ya zubo masa ya haɗu da gumi. Tunda yake bai taɓa haɗa abu mai kyau irin wannan ba, kuma ya sani.

Ana cikin haka ya ji motsi a ƙirjinsa.

Ba zai ji ƙarar waya a cikin wannan tsawa ba, amma tana girgiza, ita kuma fata ba ta da kurunta. Ba mai kiransa a wannan lokaci sai mutum ɗaya. Ya dubi agogon bango, ko sulusin lokacin bai cika ba. Ya ce a ransa wataƙila tambaya za ta yi ko ya ci abinci. Wayar ta yi shiru. Ya sauke numfashi. Ta sake ɗauka.

Bari a faɗi gaskiya, don Badaru ba zai faɗe ta ba. In ta kama dole, ana iya kashe inji ɗungum a dawo gobe a ɗora daga inda aka tsaya, ba abin da zai same shi, silo ne kawai ba a so. Ya san haka sarai, shi yake koya wa wasu. Ko kuma ya kira Abdulghani ya ɗora masa yatsa a kan totur ya ce riƙe nan. Hannunsa na hagu ma a sake yake, ba abin da yake yi sai riƙe tsumma. Amma ya tsaya, wayar tana ta bugun ƙirjinsa, ta yanke ta dawo, ta yanke ta dawo, shi kuwa yana cewa saura ƙiris, saura ƙiris, har ta gaji ta daina.

Da lokaci ya cika ya ɗaga hannu, Abdulghani ya kashe. Shiru ya sauko, kunnuwa na ta ƙugi. Abdulghani ya fito ya rungume shi, ya sumbaci goshinsa, mutane na ta masha Allah. Badaru ya zaro wayar. Sunan Indo ne jere a kan allo. Ya kira, aka ce a rufe take.

Duk da haka, ka ji wani abin haushi, sai da ya tsaya ya yi wa Abdulghani wasiyya. Kada a fita da ita. Sai an juye baƙin mai an zuba sabo, sai an sake ɗaure notocin kan inji bayan ya huce, sai an gyara bawul, sannan a yi ta lallaɓa ta a hankali tukuna kafin a taka ta. Abdulghani yana ta "halas, halas, ya mu'allim", idonsa na kan mota. Sannan Badaru ya fita neman tasi.

Tun daga nesa ya ga ƙarƙashin gadar ya yi sarari. Ɓangaren Hausawa saura 'yan tsiraru, waɗanda mota ta cika ba su samu shiga ba. Kwalaye a warwatse, takalmin yaro ƙafa ɗaya, igiyar shanya ba kaya. Dela tana zaune tana kankare tukunya. Kwali biyun suna nan, jakarsa a kan ɗaya, ɗayan ba kowa.

"Motoci biyu suka zo," in ji Dela, ba ta ko amsa sallamarsa ba. "Ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Sun daɗe, Malam Badaru. Sun daɗe ƙwarai, da ka taso ko da jaki ne da ka same su. Indo ta koma ƙarshen layi, duk wadda ta zo bayanta sai ta ce ta wuce. Ni na riƙa danna mata lambar, don ba ta ganin ta."

"Ina cikin ƙara ne, Dela. Inji ne, ba a jin komai."

"Haka na ce mata." Ta ci gaba da kankara. "Da aka zo kanta, jami'in ya tambaye ta ko tana da miji a nan a rubuta su tare. Ta ce ba ta da shi."

Badaru ya zauna a kan kwalin Indo. "Don kada su neme ni ta faɗa. Asiri ta rufa mini."

"Kai da ka zo a kwashe ka, wane asiri kuma? Ni dai na ji muryarta lokacin da ta faɗa." Dela ta kife tukunya. "Wata yarinya 'yar Nijar ce ta kama hannunta ta hau, don ta yi ta lalube da ƙafa ba ta sami matakala ba. Ta ce in gaya maka maganin hawan jininka yana aljihun gefe na jaka."

Wannan maganin shi ya karya shi. Da zagi ta bar masa da ya fi sauƙi. Ya rufe fuska da hannuwan nan masu warin mai, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya fitar da murya. Dela ta bar shi sai da ya yi mai isarsa, sannan ta ɗan sassauto. Ta ce ba a ranar ake sa su jirgi ba, sukan zauna a tarhil sai an tara cikin jirgi guda. In Allah ya sa motar ta dawo kwanan nan don ragowar mutane, yana iya tarar da ita, ya je ya ce ga mijinta, ko ta ƙi ko ta so. Amma fa sai ya zauna. Ba zuwa ko'ina, ko bayan gida zai je ya bar ido a kan titi.

Ya zauna. Ya kwana a kan kwali, ya tashi da ciwon baya. Laraba ta wuce yana kallon kwanar da aka ce motar ke ɓullowa. Duk farar bas da ta nufo sai ya miƙe da jaka, ta wuce, ya koma. Ya kira lambar Indo har ya haddace muryar matar da ke cewa a rufe take. Ya so ya kira Jamilatu, ya rasa abin da zai ce mata. Ya yi rantsuwa a ransa, ya kuma faɗa wa Dela da baki, cewa shi da sifana har abada, ko keke aka kawo masa ba zai duba ba.

"Allah ya sa," in ji Dela.

Alhamis bayan la'asar yana zaune, Dela na zuba wa wani abinci, sai ya ji shi.

Motoci dubu nawa ke bi ta kan gadar nan a yini, amma wannan tun daga nesa ya tsince shi. Gurnani mai kauri, mai tsalle-tsalle, yana tahowa daga kudu. Zuciyarsa ta yi wani irin tsalle na murna kafin hankalinsa ya tsawata mata. Ashe ko Juma'ar ba a jira ba. Ashe hanyar Usfan da ina gefenka duk daɗin baki ne, Abdulghani ya nufi Kornish wajen abokansa. Da motar ta hau gada ya ji an taka ta har ƙasa, kafireta ta buɗe bakinta huɗu, injin da ko mai ba a juye masa ba ya yi kururuwa a saman kansa, mutanen ƙarƙashin gada suka ɗaga kai suna tsaki. A ƙarƙashin kururuwar kuma, can ciki, akwai wani ɗan sauti da ba wanda zai ji sai shi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙarfe na cin ƙarfe. Injin ya yi tari, ya sake yi, ƙarar ta gangara ta ɗaya gefen tana ɗingishi.

Bai san ya miƙe tsaye ba.

Wayar ta motsa a ƙirjinsa. Ko bugun farko ba ta gama ba tana kunnensa.

"Kashe ta!" ya daka tsawa, ba sallama ba komai. "Kashe ta nake ce maka! Kada ka ƙara murɗa makullin nan! Allurar mai a ina take?"

Muryar Abdulghani ce, Hausa da Larabci na karo da juna. Wallahi ɗan zagaye kawai ya ce zai yi, ma'alesh ya mu'allim, tana hayaƙi, ya tsaya a gefen titi, mutane na kallonsa, don girman Allah ya zo ya duba, awa ɗaya kawai, shi zai mayar da shi gadar da kansa.

Dela ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa.

"Ashe kana jin waya, Malam Badaru," ta ce.

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya dubi jakarsa. Ya dubi kwanar da motar jawazat ke ɓullowa, ba komai sai tasi da motocin kaya. A kunnensa Abdulghani na ta alo, alo, ya mu'allim. Ya san abin da ya kamata ya yi, ko yaron goye ya sani. Amma yana ganin garin ƙarfen nan yana bin mai yana shiga ko'ina, yana ganin fistan ɗin da ya auna ɗaya bayan ɗaya a kan sikelin mai turare.

Ya juya wa Dela baya, ya rage murya.

"Kana ta ina?" ya ce.

Dela ta ajiye ludayi. Ta sunkuya ta sauke jakarsa ƙasa, ta ja kwalayen biyu ta kaɗe su, ta miƙa wa wata mata da ta iso yanzu da goyo tana neman wurin zama.